Gano Sinadari ta Hanyar Auna Zafi: Daga Fitilar Mahaƙa Kwal zuwa Na'urar Gano Yoyon Gas

Maudu'in wannan lacca shi ne wani rukuni na na'urorin gano sinadarai waɗanda ba su dogara da launin abin da suke nema ko warinsa ko nauyinsa ba, abin da suke sa wa ido shi ne ɗan canjin zafin da kan faru a jikinsu a duk lokacin da sinadarin ya iso gare su. Tushen aikinsu ƙa'ida ce da masana kimiyyar sinadarai suka daɗe da tabbatarwa, cewa kusan babu wata cuɗanya tsakanin sinadarai, wato haɗuwar abubuwa biyu ko fiye har su rikiɗe su zama wani abu dabam, wadda ba ta fitar da zafi ko ta zuƙe shi, kuma yawan zafin yana tafiya daidai da yawan abin da ya cuɗanya. Saboda haka wanda ya iya auna zafin da kyau, ya kuma san irin cuɗanyar da ta haifar da shi, ya san adadin sinadarin ke nan ba tare da ya gan shi ba. Abin da laccar ke son fitarwa fili shi ne cewa ƙarfin waɗannan na'urori da rauninsu daga wuri ɗaya suke, domin zafi ba ya faɗin abin da ya haife shi, kuma yawancin dabarun da aka ƙirƙiro a wannan fage ƙoƙari ne na tabbatar da cewa zafin da aka auna na abin da ake nema ne.

Auna zafin cuɗanya ya samo asali ne tun a hunturun 1782 zuwa 1783, lokacin da Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka haɗa wata tukunya mai bangon ƙanƙara a birnin Faris, inda suke auna zafin abin da aka saka a ciki da yawan ruwan da ya narke. Da ita suka kwatanta zafin da gawayi ke fitarwa idan yana ci da wanda ɓeran Masar ke fitarwa yana numfashi, suka nuna cewa numfashi ma wani irin ƙonewa ne mai tafiya a hankali. To amma tukunyar ƙanƙara kayan ɗakin bincike ce, kuma abin da ya mai da ma'aunin zafi na'urar gargaɗi shi ne asarar rayuka a mahaƙun kwal na Turai.

Iskar metan, wadda ke fitowa daga jikin kwal idan an sare shi, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba ta kamawa da wuta sai adadinta a cikin iska ya kai kimanin kashi 5 cikin ɗari, sannan idan ya haura kimanin kashi 15 cikin ɗari ba ta ci, saboda iskar oksijin da ta rage ba ta isa ta riƙe wutar ba. Adadi na farko shi ake kira ƙaramar iyakar fashewa, na biyun kuma babbar iyaka, a tsakaninsu ne tartsatsi ɗaya kan tayar da rami gaba ɗaya. A shekarar 1812 fashewa a mahaƙar Felling da ke arewa maso gabashin Ingila ta kashe mutum 92, abin da ya sa aka nemi taimakon Humphry Davy, wanda a 1815 ya fito da fitilar da aka kewaye harshen wutarta da ragar waya mai ƙananan idanu. Ragar tana kwashe zafin harshen da sauri ta yadda wutar ba ta iya ƙetarewa ta kunna iskar da ke waje, kuma mahaƙa sun koyi karanta fitilar, domin idan akwai metan wani shuɗin harshe kan bayyana a saman wutar, tsawonsa na ƙaruwa gwargwadon yawan iskar. Wannan ma'auni ne da ya dogara da idon mutum da gogewarsa a cikin duhun rami, kuma bai kawo ƙarshen masifar ba, domin kusan shekara ɗari bayan haka, a 1913, fashewar Senghenydd a yankin Wales ta hallaka mahaƙa 439.

Davy ya lura da wani abu a 1817 wanda ya fi fitilar tasiri a kan na'urorin yau. Ya ga cewa idan aka ɗumama siririyar wayar filatinam aka saka ta cikin cakuɗen iskar gas da iskar shaƙa, wayar kan ci gaba da yin ja ba tare da harshen wuta ya tashi ba, wato gas ɗin yana ƙonewa ne a kan fatar ƙarfen kawai, zafin ƙonewar kuma yana riƙe wayar a cikin jan da ta yi. Irin wannan abu da ke saukaka cuɗanya ya gaggauta ta ba tare da shi kansa ya ƙare ba shi ake kira ma'ingizi. Filatinam yana da wata baiwa ta biyu da ta sa ya dace da wannan aiki fiye da sauran ƙarafa, ita ce turjiyarsa, ma'ana irin tirjewar da yake yi wa wutar lantarki idan tana ratsa shi, tana ƙaruwa da zafi bisa tsari tabbatacce, kimanin kashi 0.385 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos, ta yadda wayar da turjiyarta take om 100 a zafin daskarewar ruwa kan kai om 138.5 a zafin tafasarsa. Ke nan waya ɗaya tana iya zama murhu idan an ratsa ta da lantarki, ta zama wurin ƙonewar gas, ta kuma zama ma'aunin zafin ƙonewar. Oliver Johnson, wanda ke aiki da kamfanin mai na Standard Oil a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya haɗa na'ura a kan wannan tsari a wajajen 1926 zuwa 1927 domin gwada tururin mai a cikin tankuna kafin ma'aikata su shiga ko su kusanto da wuta.

Wayar filatinam tsirara tana da matsala idan metan ake nema, domin metan yana da taurin kai wajen ƙonewa, sai an kai wayar kusan digiri 1,000 kafin ya ci a kanta yadda ya kamata, a irin wannan zafi kuwa ƙarfen yakan riƙa ƙafewa sannu a hankali, wayar ta sirance, turjiyarta ta canja, ma'aunin ya riƙa kaucewa daga saitinsa. Maganin wannan ya fito ne daga cibiyar binciken kiyaye haɗurran mahaƙa da ke Sheffield a Ingila, inda Alan Baker ya samar da abin da ake kira felisto a farkon shekarun 1960, kuma har yau shi ne zuciyar ɗimbin na'urorin gano gas da ake ratayawa a matatun mai da tashoshin gas da aljihun ma'aikata.

Ya dace a dubi felisto da kyau, domin ƙanƙantarsa tana ɓoye yawan tunanin da ke cikinsa. Ana naɗe wayar filatinam wadda kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, a lulluɓe naɗin da alumina, wani farin sinadari mai jure wuta wanda jikinsa ke cike da ƙananan ƙofofi, har ya zama ɗan dunƙule da bai kai ƙwayar gero ba, sannan a shafe dunƙulen da ma'ingizi mai ƙarfi, galibi faladiyam ko filatinam da aka niƙe ƙwarai. Lantarki yana ɗumama naɗin zuwa kimanin digiri 500, zafin da ya ishi faladiyam ya ƙona metan, amma bai kai na cinye wayar ba. Ƙananan ƙofofin aluminar suna ba gas fili mai yawa da zai zauna ya ƙone, zafin ƙonewar ya ratsa zuwa wayar da ke ciki, turjiyarta ta ƙaru. Sai dai ƙonewar gas ba ita kaɗai ke canja zafin dunƙulen ba, domin sanyin asuba da zafin rana da laima da kaɗawar iska duk suna taɓa shi, wani lokaci fiye da yadda ɗan gas kaɗan zai taɓa shi. Don haka ba a barin dunƙulen shi kaɗai, ana ajiye masa ɗan'uwa a gefensa, mai girma ɗaya da naɗi ɗaya da zafi ɗaya, wanda aka hana shi ma'ingizi ko aka rufe fatarsa ta yadda gas ba ya ci a kansa. Ana haɗa su biyun a da'irar lantarki da aka sani da gadar Wheatstone, wadda Samuel Hunter Christie ya fara bayyanawa a 1833 kafin Charles Wheatstone ya yaɗa ta a 1843, kuma aikinta shi ne nuna bambanci tsakanin turjiya biyu komai ƙanƙantarsa. Abin da ya sami dunƙulen biyu tare, kamar sauyin yanayi, gadar ba ta nuna shi, abin da ya sami ɗaya ya bar ɗaya shi kaɗai take fitarwa, wannan kuwa ba komai ba ne illa ƙonewar gas. Daga nan sai a rufe su da faifan garin ƙarfe da aka narka ya manne da juna, wanda iska ke ratsawa amma harshen wuta ba ya ƙetarewa, aikin da ragar Davy ta yi tun farko, domin abu mai zafin digiri 500 a tsakiyar gas zai iya zama sanadin fashewar da aka ajiye shi ya hana.

Felisto ba ya bambanta metan da butan ko tururin fetur, duk abin da zai ci wuta yana ƙonawa ya ba da rahoto, kuma a nan ne rashin zaɓensa ya zama alheri. Mol ɗaya na metan, mol kuwa ma'auni ne na adadin ƙwayoyin sinadari, yana fitar da kimanin kilojul 890 na zafi idan ya ƙone, iyakarsa ta fashewa kuma kashi 5 ce cikin ɗari, shi kuwa butan, wanda ke cikin gas ɗin girki, yana fitar da fiye da ninki uku na wannan zafi, amma iyakarsa ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. Idan aka ninka zafin kowane gas da iyakarsa sai a ga sakamakon ya yi kusa da juna, dangantakar da ake jingina wa masu bincike Burgess da Wheeler, kuma ma'anarta ita ce cakuɗen gas da iska yakan fara iya riƙe wuta ne idan zafin da ke ɓoye a cikinsa ya kai wani mizani, ko da wane gas ne. Wannan ya sa ake rubuta ma'aunin na'urar da kaso na ƙaramar iyakar fashewa, a saita ƙararrawa a kashi 10 ko 20 cikin ɗari na iyakar, wanda ga metan kashi 20 ɗin yana daidai da kashi 1 cikin ɗari na iskar wurin. Daidaiton ba cikakke ba ne, domin manyan ƙwayoyin tururin mai suna jinkirin isa ga dunƙulen, na'urar da aka saita da metan kan nuna su ƙasa da yadda suke, amma duk da haka abin sha'awa ne cewa na'urar tana auna ainihin abin da ke kawo haɗarin, wato zafin da cakuɗen zai saki idan ya kama.

Rauninta kuwa ya cancanci a tsaya a kansa fiye da yadda masu sayar da ita suke tsayawa. Na farko, tana buƙatar oksijin, kuma idan adadinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 10 cikin ɗari, daga kashi 21 da ke cikin iskar shaƙa, ƙonewar ba ta cika, ma'aunin ya nuna ƙasa da gaskiya. Hakan na nufin idan gas ya cika wuri har ya kore iska, allurar ma'aunin da ta hau za ta iya saukowa ta nuna kamar haɗarin ya wuce, alhali buɗe ƙofa kawai zai shigo da iskar da za ta mai da cakuɗen cikin iyakar fashewa, shi ya sa na'urori masu inganci sukan kulle a kan gargaɗi da zarar sun haura ma'auninsu har sai an fitar da su iska mai tsabta. Na biyu ya fi muni, shi ne gubar da ke kashe ma'ingizi. Tururin sinadaran silikon, irin waɗanda ke cikin gam ɗin like gilashi da man goge gaban mota da wasu mayukan feshi, idan ya ƙone a kan dunƙulen yakan bar wani siririn rufi mai kama da gilashi wanda ke toshe fatar faladiyam har abada, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa. Dalma da sinadaran farar wuta su ma suna lalata shi, wasu sinadarai masu kulorin kuma sukan dushe shi na ɗan lokaci ya farfaɗo. Abin tsoron shi ne dunƙulen da guba ta kashe ya zama daidai da ɗan'uwansa marar ma'ingizi, gadar ba ta ga bambanci ba, allon yana nuna sifili, fitilar lafiya tana ci, mai na'urar yana ganin ya tsira. Babu wata hanyar gane wannan daga waje, sai a busa mata gas na gwaji daga ƙaramar tukunya mai sanannen adadi, galibi metan kashi 2.5 cikin ɗari wanda yake rabin iyakar fashewa, a ga ko ta nuna 50. Na'urar da aka saya aka rataya shekara da shekaru ba a taɓa yi mata wannan gwaji ba ta fi rashinta haɗari, domin wanda ba shi da na'ura yana taka-tsantsan, mai matacciyar na'ura kuwa ya saki jiki.

Akwai hanya ta biyu da ba ta ƙona komai, tana duba yadda iska ke kwashe zafi daga waya mai ɗumi. Kowace iska da irin saurinta wajen ɗaukar zafi: haidurojin ya ninka iskar shaƙa kusan sau bakwai, hiliyam kusan sau shida, metan ya ɗara ta da kimanin kashi ɗaya cikin uku, kabon dayokzaid kuwa bai kai ta ba. Idan aka ajiye waya mai ɗumi a cikin iskar da ake gwadawa, wata irinta kuma a cikin rufaffen ɗaki mai iskar da aka sani, bambancin sanyinsu zai nuna adadin baƙuwar iskar. G. A. Shakespear na Jami'ar Birmingham ya inganta wannan na'ura, wadda ake kira katarometa, a lokacin yaƙin duniya na farko domin auna haidurojin na balan-balan ɗin soja, daga baya kuma ta zama ɗaya daga ma'aunan na'urar rarrabe iskoki a ɗakunan bincike, ana kuma amfani da ita wajen lura da tsarkin haidurojin da ke sanyaya manyan injinan samar da lantarki. Ba ta da kaifin felisto a ƙananan adadi, amma ba ta buƙatar oksijin, guba ba ta kashe ta, tana kuma aiki har zuwa gas zalla, don haka akan haɗa su a akwati ɗaya, felisto ya riƙe ƙasan iyakar fashewa, ita ta karɓa daga nan zuwa sama.

Hanya ta uku ta kai ƙa'idar cikin ruwa, ta kuma magance rashin zaɓe ta wajen aron ma'ingizi daga jikin masu rai. Inzayim wani nau'in furotin ne da ke gaggauta cuɗanya guda ɗaya tak a kan sinadari guda, ya ƙyale dubban da ke kewaye da shi. A 1974 Klaus Mosbach da Bengt Danielsson na Jami'ar Lund a Suwidin suka bayyana na'urar da ke ɗaure inzayim a jikin ƙananan ƙwayoyi cikin ɗan bututu, a tura ruwan gwaji ya ratsa, a auna zafinsa a mafita da tamista, wani ɗan ma'auni wanda turjiyarsa ke sauyawa da kimanin kashi 4 cikin ɗari a kowane digiri, wato ninki goma na filatinam. Lissafin yana nuna wahalar aikin. Inzayim ɗin da ke haɗa sukarin gulukos da oksijin yana sakin kimanin kilojul 80 a kowane mol, jinin mai lafiya yana ɗauke da kimanin kashi 5 cikin dubu na mol a kowace lita, ruwa kuwa yana shan kimanin kilojul 4.2 kafin lita ɗaya ta hau digiri ɗaya, saboda haka ko da sukarin ya cuɗanya gaba ɗaya zafin ba zai wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Tun da oksijin da ke narke a ruwa kaɗan ne, dole a tsarma jinin sosai, abin da ake aunawa a ƙarshe ya koma 'yan kaso cikin dubu na digiri, shi ya sa ake binne bututun a cikin curin alminiyam mai tsayayyen zafi, a kuma ajiye bututu na biyu marar inzayim domin kwatantawa, dabarar tagwayen nan dai ta felisto. Amfaninta shi ne launin ruwa ko gurɓacewarsa ba su dame ta ba, an kuma yi aiki da ita wajen bin diddigin fenisilin a tankunan haɗa magani da auna yuriya, amma ba ta shiga gidaje ba, domin na'urar gwajin sukari ta hannu da masu ciwon sukari ke amfani da ita ta bi hanyar auna lantarki wadda ta fi sauƙi da arha.

A 'yan shekarun nan an mai da murhun felisto ɗan siririn faifai da ake sassaƙawa da fasahar ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ke yin zafi ya huce cikin ƙiftawar ido, ta yadda ake kunna shi a kashe a kai a kai domin batir ya daɗe, sannan ta hanyar sauya zafinsa ana iya samun ɗan haske kan irin gas ɗin, tun da kowanne da zafin da yake fara ci. Wannan ci gaba ya zo daidai lokacin da gas ya shiga rayuwar yau da kullum a biranen Najeriya da Nijar, daga tukunyar girki da shagunan ɗura ta a cikin unguwa zuwa motoci da Keke Napep da ake mayarwa su yi aiki da matsattsen gas tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023, kuma nau'o'in biyu ba wuri ɗaya ake tsare su ba. Gas ɗin girki, cakuɗen butan da furofan, ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi kwata da rami, don haka na'urarsa kusa da daɓe take zama, matsattsen gas ɗin mota kuwa metan ne, yana tashi ya taru a ƙarƙashin rufi, tasa na'urar a sama ake kafa ta. Ƙurar hunturu da maiƙon ɗakin girki suna toshe faifan da iska ke ratsawa, su jinkirta amsar na'urar ba tare da wata alama ba. Haka kuma na'urar gano gas mai kamawa da wuta ba ta kare mutum daga hayaƙin janareta, domin iskar kabon monokzaid da ke cikinsa tana da ƙaramar iyakar fashewa ta kashi 12.5 cikin ɗari, kuma kafin adadinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na wannan iyaka, inda felisto zai fara ƙara, ya riga ya kai mizanin da ke kashe mutum cikin 'yan mintuna. Wannan iska tana buƙatar tata na'urar dabam, mai aiki da cuɗanyar lantarki, wadda ke ganin 'yan kaso cikin miliyan.